Ungulu da gauraka: Wanne zai riga ɓacewa daga Arewa?

A shekarar 2025 Majalisar Dokokin Najeriya ta amince da wani sabon ƙudiri na kare namun daji da tsuntsayen da ke fuskantar barazanar ƙarewa, wanda ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 10 ga masu fataucinsu.

Galibin sharhin da aka yi a kan ƙudirin ya karkata ne ga hauren giwa da ɓawon ɗankunya, waɗanda masu fasa-ƙwauri ke fitarwa ta tashoshin jiragen ruwa na Legas zuwa ƙasashen Asiya.

To amma ga mazauna garuruwa irin su Dutsin-Ma da Kurfi, a tsakiyar jihar Katsina, asarar da ta fi kusa da ido ba ta giwa ba ce. Ta wasu tsuntsaye biyu ce da kowane Bahaushe ya san sunansu: ungulu da gauraka.

Dutsin-Ma gari ne da tarihin baka ya ce ya samo sunansa daga wani maharbi mai suna Ma, wanda ya zauna a dutsen da ke tsakiyar garin. Wannan kaɗai na nuna irin namun dajin da yankin ya taɓa mallaka. Wanda ya taso a nan ko a Kurfi cikin shekarun 1970 bai buƙatar a kwatanta masa ungulu, domin ita ce ke fara isa kwata tun kafin mahauta su gama fiɗa. A yau kuwa, kamar yadda lamarin yake a yawancin garuruwan Arewa, yaro na iya gama makarantar firamare bai taɓa ganinta ba, sai dai ya ji ta a karin magana.

Kwatanta tsuntsayen biyu na da amfani, domin kusan ba su yi tarayya a komai ba: ba danginsu ɗaya ba, ba mazauninsu ɗaya ba, ba kuma daraja ɗaya suke da ita a idon jama'a ba. Amma duk da haka hanya ɗaya suka kama.

Dangi daban-daban

A tsarin da masana kimiyyar halittu ke bi wajen rarraba tsuntsaye, ungulun da aka saba gani a cikin gari ita ce ake kira Necrosyrtes monachus. Tana cikin babban dangin Accipitridae, wato ita da shaho da shirwa da gaggafa duk 'yan gida ɗaya ne. Ba ta da alaƙar jini ta kusa da ungulayen nahiyar Amurka, duk da kamannin da suke yi; sana'a ɗaya ce kawai ta haɗa su.

Ita kaɗai ce a rukuninta na Necrosyrtes. Ma'anar haka ita ce, idan ta ƙare, reshe guda ne sukutum ya karye daga bishiyar halittu, babu wata 'yar uwa ta kusa da za ta gaje ta.

Tana daga cikin ƙananan ungulayen Afirka. Nauyinta bai cika wuce kilo biyu da rabi ba, faɗin fikafikanta kuma na kaiwa kusan mita 1.8. Bakinta siriri ne, ba ya iya yaga fatar babbar dabba, shi ya sa a daji take jira sai manyan ungulaye sun buɗe mushe, a gari kuma take dogara da abin da mahauta suka zubar.

Shi kuwa gauraka, wanda Fulani ke kira kumarewal, sunansa a kimiyyance Balearica pavonina. Yana cikin dangin Gruidae, wanda ya ƙunshi nau'i 15 a duk duniya. Mutane da dama na ɗaukar cewa ɗan uwan shamuwa ne ko zalɓe saboda dogayen ƙafafu da dogon wuya, amma ba haka abin yake ba, kowannensu da danginsa.

Tsayinsa na kaiwa kimanin mita ɗaya, nauyinsa kilo uku zuwa huɗu, ga tukku mai ruwan zinariya a ka. Ya kasu kashi biyu: na yamma, daga Senegal zuwa Chadi, da na gabas, wanda ya fi yawa a Sudan da Sudan ta Kudu da Habasha. Ɗan uwansa na kusa shi ne gauraka mai ruwan toka, wanda hotonsa ke jikin tutar ƙasar Uganda. Su biyun ne kaɗai a danginsu ke iya kwana a kan bishiya, saboda dogon yatsan baya da suke da shi.

Ɗaya a kwata, ɗaya a fadama

Babban bambancin da ke tsakaninsu shi ne na mazauni.

Ungulu tsuntsuwar mutane ce. A Afirka ta Yamma ta fi son gari a kan daji: kwata, kasuwar dabbobi, juji, da duk inda ake yanka. Amma wurin kwana da na sheƙa sai doguwar bishiya. Binciken da aka yi a Burkina Faso ya nuna cewa mafi yawan sheƙunanta a kan ɗorawa da gawo da tsamiya suke, abin da ya yi daidai da maganar Hausawa da ke cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya.

Da rani take hayayyafa, kuma ƙwai ɗaya tak take yi. Takan kwanta a kansa kusan kwana 50, ɗan ya yi wata uku zuwa huɗu kafin ya tashi, sannan ya ci gaba da dogara da iyayensa na wasu watanni. Ke nan ko a shekarar da komai ya tafi daidai, ɗa guda ne ribar ma'aurata. Tsuntsun da ke haihuwa a hankali haka, duk babba ɗaya da aka kashe sai an yi shekaru kafin a mayar da gurbinsa.

Gauraka kuwa ɗan fadama ne. Yana bukatar ruwa marar zurfi mai ciyayi, irin wanda ambaliyar damina ke bari a gefen koguna da tafkuna. A nan yake tara ciyawa ya yi sheƙa a ƙasa, da damina, ya yi ƙwai biyu zuwa biyar, waɗanda ke ƙyanƙyashewa cikin wata guda. Abincinsa tsabar ciyawa ne da hatsi da fara da sauran ƙwari. Ya fi ungulu yawan 'ya'ya, amma sheƙarsa a fili take: garken shanu ɗaya da ya ratsa fadama, ko yaro ɗaya da ya hango ƙwai, ya isa ya lalata aikin shekara.

Duka nau'o'in mazaunin biyu akwai su a yankin Dutsin-Ma da Kurfi, kuma duka sun canja. Akwai kogin Karaduwa a ɓangaren Dutsin-Ma, akwai kogin Gada kusa da Kurfi, ga kuma dajin Rugu daga yamma. A shekarar 1983 aka kammala madatsar ruwa ta Zobe a kan Karaduwa, zamanin mulkin Shugaba Shehu Shagari, kuma a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin ruwan sha da ke ɗibar ruwa daga cikinta.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka cewa babban tafki irin na Zobe alheri ne ga tsuntsun ruwa. Ga wasu tsuntsayen haka ne. Sai dai ruwa mai zurfi da aka tare ba ya maye gurbin ambaliyar da ke malala ta janye, wadda ita ce ke samar da ciyayin da gauraka ke sheƙa a ciki. Gefen ruwan kuma, inda ya kamata ciyayin su tsiro, nan ne manoman rani ke shuka tumatir da albasa da alkama.

Ma'aunin haɗari

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, wadda ke da hedikwata a ƙasar Suwizalan, ita ce ke fitar da kundin da ake dogara da shi wajen sanin halin da kowace halitta ke ciki. Matakan barazana uku ne a kundin: na farko halitta mai rauni, na biyu wadda ke cikin haɗari, na uku wadda ke cikin matsanancin haɗari. Daga nan sai ƙarewa.

Har zuwa shekarar 2011, ungulu na cikin jerin tsuntsayen da ba a damu da halin da suke ciki ba. A wannan shekarar aka ɗaga ta zuwa mataki na biyu, sannan a 2015 aka kai ta mataki na uku, tare da wasu nau'o'in ungulayen Afirka uku. Cikin shekara huɗu ke nan ta tashi daga ƙasan kundin zuwa bakin ƙarewa.

Gauraka kuwa tun shekarar 2010 yake a mataki na farko.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, ungulu ta fi gauraka yawa nesa ba kusa ba. Ƙiyasin da aka yi a 2011 ya nuna cewa ungulayen da suka rage a Afirka ba su wuce 197,000 ba, yayin da gauraki ke tsakanin 43,000 zuwa 70,000, kuma kimanin 15,000 ne kawai daga cikinsu ke yammacin nahiyar.

Dalilin wannan saɓani shi ne, kundin ba yawan tsuntsu kaɗai yake dubawa ba, yana duba saurin raguwarsa. Halittar da ta ragu da kashi 80 cikin 100 ko fiye a tsawon zuriya uku, takan shiga mataki na uku ko da kuwa tana da sauran yawa. Wani bincike da Dakta Darcy Ogada da abokan aikinta suka wallafa a 2016 ya ƙiyasta raguwar ungulu da kashi 83 cikin 100 a zuriya uku, wato shekara 50 da ɗoriya. Ta gauraka kuwa an ƙiyasta ta tsakanin kashi 30 zuwa 49.

Tun kafin nan, masanin tsuntsaye ɗan ƙasar Faransa, Jean-Marc Thiollay, ya ƙirga tsuntsaye a kan wasu hanyoyi na Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004. Ya tarar manyan ungulaye sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100 a wajen gandun daji, ungulun gari kuma ta ragu da kusan rabi.

To sai dai kundin na IUCN duniya baki ɗaya yake aunawa, ba ƙasa ɗaya ba. Idan aka dawo Najeriya, sai lissafin ya juye. Har yanzu ana samun ungulu jefi-jefi a wasu sassan ƙasar. Gauraka kuwa, wanda ake yi wa laƙabi da tsuntsun ƙasa na Najeriya, an ƙiyasta yawansa da fiye da 15,000 a farkon shekarun 1970, amma zuwa tsakiyar shekarun 1990 ana maganar 50 ne zuwa 100. Manyan garkunansa yanzu suna Chadi da arewacin Kamaru da Senegal da ƙasashen gabas.

A taƙaice, ungulu ce ta fi kusa da ƙarewa a duniya, amma gauraka ne ya riga yin ban-kwana da Najeriya.

Wadda aka raina

Abubuwa uku ne suka taru a kan ungulu.

Na farko, kuma mafi girma a Afirka ta Yamma, shi ne cinikin sassan jikinta domin tsibbu da magungunan gargajiya. Ana neman kanta da ƙafafunta da gashinta da ƙwanta, bisa imanin cewa suna kawo sa'a, ko buɗe ido, ko maganin taɓin hankali, abin da babu wani binciken likitanci da ya tabbatar. Wani nazari da aka wallafa a 2013, wanda ya ji ta bakin 'yan kasuwa 113 a kasuwanni 39 na jihohi takwas na arewacin Najeriya, ya gano cewa kusan kashi 90 cikin 100 na sassan da ake sayarwa na ungulun gari ne, kuma kaso mai yawa daga ƙasashen maƙwabta ake shigo da su. Shigo da ita daga waje alama ce ta cewa ta gida ta yi ƙaranci. Wani nazarin na 2016 a kan kasuwannin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ya nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na gawarwakin irin waɗannan tsuntsaye da aka ƙirga, a kasuwannin Najeriya aka same su.

Akwai kuma masu sayar da namanta a ɓoye, abin da Hausawa suka daɗe da sani, tunda har suka yi masa suna: ungulu da kan zabo.

Na biyu shi ne guba. Masu farautarta kan barbaɗa maganin ƙwari a kan nama, su kwashe gawarwaki. A farkon shekarar 2020 an kashe ungulaye kimanin 2,000 ta wannan hanya a Guinea Bissau, da yawansu an same su ba kai. Wani lokacin kuma ba ita ake nufi ba: makiyayi ne ke sa wa mushe guba domin kura ko dila ko karnukan da suka addabi dabbobinsa, sai ungulaye su riga su isa.

Na uku shi ne rashin abinci da wurin sheƙa. Jini da ƙashi da tarkacen da a da ake zubarwa a kwata, yanzu duk kuɗi ne. Manyan bishiyoyi kuma na tafiya a itacen girki da gawayi.

Wanda aka so

Idan raini da camfi ne suka ci ungulu, shi gauraka ƙauna ce ta ci shi.

An daɗe ana ajiye shi a gidajen sarauta da na attajirai a Afirka ta Yamma domin ado da alfarma, wasu kuma na ganin yana kore sharri daga gida. Akan ɗebo 'ya'yansa ko ƙwansa daga fadama, a datse masa fiffike. Gaurakan da aka tsare a tsakar gida da wuya ya hayayyafa, saboda haka duk wanda ya mutu daga daji ake nemo madadinsa. Ga kuma fitar da shi da aka riƙa yi zuwa Turai da ƙasashen Larabawa da Asiya.

Wannan ciniki ya zo ne daidai lokacin da mazauninsa ke ƙafewa. Farin shekarun 1970 da na 1980 ya busar da fadamu da yawa. Tafkin Chadi, wanda ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 zuwa tsakiyar shekarun 1980. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke isa dausayin Hadejia da Nguru. Abin da ya rage na fadamu kuma noman rani ya shiga, musamman daga farkon shekarun 1990, lokacin da shirin Fadama mai samun tallafin Bankin Duniya ya yaɗa injinan ban-ruwa.

Babu mai musun cewa noman rani ya ciyar da miliyoyin mutane. Amma an tsara shi ne ba tare da ware ko ɗan yanki ga tsuntsayen da aka taras a wurin ba.

Matsalar ba sabuwa ba ce ga hukumomi. A shekarar 1992 an yi taron ƙasa da ƙasa a Kano musamman a kan gauraka da mazauninsa. Amma sai a 2019, a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Geneva, aka mayar da shi jeri na ɗaya, wanda ya haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe, bisa buƙatar Burkina Faso da Cote d'Ivoire da Senegal.

Darasin Indiya

Rashin gauraka asarar gado ce da kuma shaida cewa fadamu na mutuwa. Rashin ungulu kuwa batu ne na lafiyar jama'a.

Ruwan cikin ungulu na da ƙarfin da ke kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke jikin mushe. Wani gwaji da aka yi a Kenya, aka wallafa a 2012, ya nuna cewa mushen da ungulaye ba su taɓa ba yakan ɗauki kusan ninki uku na lokaci kafin ya ƙare, kuma dabbobi masu cin mushe sun fi taruwa a kansa suna cuɗanya.

Indiya ta ga ƙarshen wannan hanya. Daga shekarun 1990 ungulayenta suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, saboda maganin diclofenac da ake yi wa shanu allura da shi, wanda ke lalata ƙodar duk ungulun da ta ci mushen. An haramta amfani da shi ga dabbobi a 2006. Kafin nan karnukan titi sun yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, ruwan sha ya gurɓata. Masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun ƙiyasta a 2024 cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar ƙarin mutane kusan rabin miliyan tsakanin 2000 da 2005.

Ga yankin kiwo irin Dutsin-Ma da Kurfi, wannan ba labarin nesa ba ne. An tabbatar da ɓullar cutar antiraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, a jihar Neja a 2023, da kuma jihar Zamfara mai maƙwabtaka da Katsina a farkon 2025. Ungulu ba rigakafi ba ce, ba kuma za ta maye gurbin likitan dabbobi ba, amma aikin kwashe mushe da take yi kyauta, idan ta tafi, kare da ɓera da ƙuda ne ke gadonsa.

Doka da aiwatarwa

Najeriya ba ta rasa doka ba. Tun 1985 aka kafa dokar soja mai lamba 11 ta kare halittun da ke fuskantar barazana, aka yi mata gyara a 2016 domin ƙara yawan tara. Amma duk tsawon waɗannan shekaru ba a daina baje kawunan ungulu a rumfunan masu magani ba. Wannan ne ya sa masu lura da al'amura ke ganin cewa tsananin hukunci a takarda ba shi ne ma'auni ba, aiwatarwa ce.

Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin. Dajin Rugu ya zama maɓoyar 'yan bindiga, abin da ya sa shigarsa ta yi wa ma'aikatan gandun daji da masu bincike wuya. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a wasu kasuwanni, ciki har da ta Dutsin-Ma. Dalilin tsaro ne ya kawo matakin, ba kare muhalli ba, amma ya nuna cewa gwamnati na iya taɓa cinikin itace idan ta ga dama.

Tunda cutar tsuntsayen biyu ba ɗaya ba ce, maganinsu ma ba ɗaya ba ne.

Na ungulu a cikin gari yake. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ta yi shekaru tana aiki da masu maganin gargajiya domin su koma ga tsirrai a maimakon sassan ungulu. Sarakunan fawa da hakimai da masu unguwanni na iya hana kama ta a kwata, su kuma hana sare tsamiya da gawo da ɗorawar da take sheƙa a kai. Malamai ma na da ta cewa, tunda camfi ne ke riƙe da kasuwar. Katsina na cikin jihohi 11 na shirin dashen bishiyoyi domin tare hamada, amma dashen bana sai ya yi shekaru da dama kafin ya ɗauki sheƙar ungulu, don haka tsare tsohuwar bishiya ya fi gaggawa.

Na gauraka ya fi wuya, domin sai an bar masa ruwa da ƙasa, abubuwa biyu da manomi da makiyayi ke rigima a kansu. Sai kuma masu hali sun daina saye.

Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, na da sashen nazarin gandun daji da namun daji, ga kuma cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos, wadda tun 2015 take tattara bayanan tsuntsayen ƙasar ta hannun 'yan sa-kai. Ƙirga abin da ya rage a kwatar Dutsin-Ma da ta Kurfi da gefen Zobe aiki ne da ɗalibai za su iya yi ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

Abin da ya faru da gauraka ya nuna cewa tsuntsu na iya tashi daga dubbai zuwa ɗaiɗaiku cikin shekara 20, ana kallo. Ungulu na kan wannan hanya, sai dai ita ba ta kai ƙarshenta ba tukuna.